Kwamfutar da Ubale Ya Saya wa Yarinyar Nan

Duk wanda ya taɓa sayen takalmi a kasuwar Mont-Bouët ta birnin Libreville ya san Ubale, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai furfura a gemu, wanda ba ya miƙa maka takalmi sai ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina tukuna. A wurinsa nauyi ne shaidar kaya. In takalmi ya yi masa shafal, ko daga Faransa aka kawo shi, sai ya taɓe baki ya ce kwali ne. Haka yake auna tukunya, haka yake auna agogo, kai har mutane ma kusan haka yake auna su.

Mutumin Gezawa ne. Yana saurayi ya ji labarin Gabon, ƙasar da aka ce man fetur ya yi mata yawa, ko tsintsiya ka kasa kafin azahar ta ƙare. Ya bi ta Kalaba ya shiga jirgin ruwa, ya sha amai har ya yi rantsuwar ba zai ƙara hawa ruwa ba, kuma bai ƙara ba. Da faifan agogo da goro ya fara yawo a lungunan unguwar Nombakélé. Daga faifai ya koma tebur, daga tebur ya samu rumfa. Da ƙafarsa ta tsaya sai ya je gida ya auro Ƙulu, ya kawo ta wani gidan haya mai ɗakuna a jere. Bangon katako ne kawai tsakaninsu da Moussa, wani Badamagare mai tuƙa bas a hanyar Ntoum, da matarsa Aïchatou.

Moussa kuwa Allah ya yi shi da baki. In ya yi dariya sai kajin tsakar gida sun watse. Tun ranar farko ya laƙaba wa Ubale suna Bakano, shi kuma ya rama da Badamagare, suka ɗora wasan da kakanninsu suka bar musu. Kwano ɗaya suke ci ranar Lahadi, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Wanda bai sani ba sai ya ce uwarsu ɗaya.

To, akwai abin da Ubale ya taho da shi daga Gezawa wanda bai taɓa ajiyewa ba, wato kunyar ɗan fari. Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan babban ɗansa, yayan Ubale, ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kuma duk garin ana yaba masa. Da Ƙulu ta haifi mace, Ubale ya raɗa mata suna a kunne, Rahmatu, daga nan sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa. In ta rarrafo wurinsa sai ya kau da kai, ya ce Ƙulu ta zo ta ɗauke. Ba ƙi ba ne, wallahi ba ƙi ba ne. In ta yi zazzaɓi ba ya iya cin abinci. Amma a ganinsa mutumin kirki ba ya nuna wannan.

A Gezawa da kaka ce za ta ɗauke ta, ko gwaggo. A Libreville ina kakar take? Da lokacin yaye ya yi, Aïchatou ce ta zo ta goye ta, ta kai ta bayan bangon katakon, wurin 'yarta Zeinabou wadda suke kusan sa'anni. An dawo da yarinya bayan ta manta da nono, amma ƙafarta ta riga ta koyi hanya. Moussa ke saɓa ta a wuya, Moussa ke kawo mata rake daga Ntoum, Moussa ke zuwa makaranta in an kira iyaye, don ya fi Ubale jin Faransanci. Ta tashi tana ce masa Baba Moussa. Ubale kuwa har godiya yake yi, yana cewa haka ake yi, ɗa ai na kowa ne. Bai san Allah ba zai ƙara ba su haihuwa ba. Ita ce ta fari, ita ce auta, shi kuma yana nan yana jin kunyarta.

Shekaru suka tafi a haka, ba abin da ya dame shi, sai ranar da sakamakon bak ya fito, jarrabawar da ake shiga jami'a da ita. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana alwalar la'asar, sai ga Rahmatu ta shigo gidan a guje, mayafi na jan ƙasa. Da ta gan shi ta ci birki, ta rusuna.

"Baba, sannu da gida."

"Yawwa," in ji shi, idonsa a kan buta.

Ta miƙe ta faɗa ɗakin Moussa. Nan take Aïchatou ta rangaɗa guɗa, Moussa ya kama ihu yana cewa, "Ɗiyata ta ci! Ɗiyata ta ci!" Ta cikin katako Ubale ya ji cewa 'yarsa ta ci jarrabawa. Ya ƙarasa alwala, amma ya manta ko ya shafi kai, sai da ya sake daga farko. 

Shekarun nan kuɗin mai sun dawo gari, gine-gine ta ko'ina, fasinja har faɗa suke a kan kujera. Moussa ya sake sabuwar bas, ya kuma saya wa Zeinabou kwamfuta, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Shi ke nan Rahmatu ta tare a can. Ubale zai dawo daga kasuwa ya tarar da ɗakinsa tsit, Ƙulu na tsintar shinkafa, a bayan bango kuwa ana ta shewa. Muryar Moussa ce ta fi ci masa rai. "Kai, ɗiyata, wannan ordinatar ke kaɗai take jin tsoro!" Sai Rahmatu ta ƙyalƙyale da wata irin dariya da Ubale bai taɓa ji a ɗakinsa ba.

Wata rana ya ture kwanon tuwo ya ce, "Wai yarinyar nan ba ta da gidan uba ne?"

Ƙulu ta ɗago ta dube shi. "Yau kuma? Ai tun tana rarrafe can take."

"Abin nan ne ya ɗauke mata hankali. Wani ɗan faranti da ko nauyin silifa bai kai ba."

"Malam," in ji Ƙulu, tana danne dariya, "kishi kake?"

"Kishin wa? Direban bas? Allah ya sawwaƙe!"

Kishi ne mana. Kishi ne tsagwaronsa, irin wanda ke hana mutum jin daɗin shayi. Yana kishin dariyar, yana kishin sunan Baba da aka raba biyu aka ba wani rabi mai tsoka, yana kishin yadda Moussa ke kiran Rahmatu gatsau, kamar sunan ba shi da nauyin komai. Ya fara canza sahu a masallaci. Ranar Lahadi ya ce cikinsa ba daɗi, a kai wa Moussa nasa kwanon daban. In sun yi kiciɓis a ƙofar gida, Moussa ya ce, "Bakano, tsaya, akwai magana," sai Ubale ya ce yana sauri. Moussa ya sake tare shi, shi kuma ya ce kansa na ciwo. Har Moussa ya biyo shi rumfa, Ubale ya hango shi daga nesa ya zille ta layin masu kifi. Ya ɗauka maganar ba ta wuce a tambaye shi me ya sa ya canza ba, shi kuwa ba shi da amsar da zai iya faɗa da baki.

Dabara ta zo masa yana cikin jera takalma. In kwamfuta ce ke kai ta can, kwamfuta za ta dawo da ita nan. Zai saya mata tata, a ajiye a falonsa, ta zauna a kai, shi kuma yana gefe a kan tabarma yana jan carbi. Ba sai ya yi mata magana ba. Ya ji motsinta kawai ya ishe shi. Bai gaya wa Ƙulu ba, bai shawarci kowa ba. Ita kuwa mai abin, ta yaya zai tambaye ta?

Ya sa babbar riga ya hau taksi zuwa unguwar Louis, ya shiga wani kanti mai sanyi. Wata mata mai tabarau ta jero masa masu ninkewa, ta ce su ne masu sauƙin kuɗi, su ɗalibai ke saye. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya ɗauki wata ya jinjina. Kwali! Duk irin ta gidan Moussa ce. Matar ta tambaye shi da Faransanci, ɗalibar me za ta karanta a jami'a?  Ubale bai sani ba. Wanda ya sani yana can yana ɗibar fasinja a hanyar Ntoum. Ya ajiye musu kayansu ya fito.

Ana nan sai ga wani saurayi ɗan ƙasar Gabon, ma'aikacin kamfanin mai, wanda ya saba sayen takalmi a wurinsa. Cikin hira ya ce an mayar da shi Port-Gentil, yana neman rabuwa da kayan ɗakinsa, har da kwamfuta, ko nawa aka ba shi. Ubale ya bi shi gida. Da ya ga abin sai da ya ce, "Tabarakallah!" Baƙin akwati ne ya kai masa gwiwa, gefensa gilashi, ciki wasu fitilu shuɗɗa suna juyawa. Allonta ya fi talabijin ɗin gidan Moussa faɗi. Ya sa hannu ɗaya zai jinjina, ko gezau. Sai da ya sa hannu biyu ya yi nishi. Nan hankalinsa ya kwanta.

Saurayin mai gaskiya ne, ya ce masa wannan fa ta wasa ce. Ya kunna, ya jawo wani sitiyari, sai ga mota a allo tana tsala gudu, ƙara kamar a bakin titi. Ubale ya gyaɗa kai. A ransa ya ce wadda ta iya tuƙa mota ai karatu ba zai gagare ta ba. Kuma ga shi ta fi bas ɗin wani gudu. Suka yi ciniki, saurayin na sauri, ya sallama da araha, har ya ɗora masa gyara, wata 'yar kyamara mai kama da ƙwai.

Da gangan ya zaɓi lokacin da Moussa ke wanke bas a ƙofar gida. Taksi ta tsaya, aka fara sauke kaya, mutanen gida suka fito kallo. Moussa ya saki tsumma a bokiti ya matso.

"Bakano, mene ne wannan? Firji ka sayo?"

"Kwamfuta ce," in ji Ubale, ba tare da ya dube shi ba. "Ta gaske."

"Ta wa?"

"Ta gidana."

Dariyar Moussa ta ɗauke. "Don Allah tsaya mu yi maganar nan kafin ka shigar da ita."

"In na huta."

Ya sa kafinta ya haɗa tebur, ya sayo kujera mai taushi, ya janye tabarmarsa zuwa lungun kabad. Aka jona komai, fitilu suka kama juyi. Sannan ya ce wa Ƙulu, "Ki ce wa yarinyar nan ta zo ta ga abin da ke falo."

Rahmatu ta shigo ta tsaya turus. Ta dubi akwatin, ta dubi teburin da kujerar, ta dubi tabarmar da aka matsar. Ta durƙusa har ƙasa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Idonta ya kawo ruwa, ta tashi ta fita da sauri. Ubale ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya ce a ransa, to, Badamagare, sai ka kawo wadda ta fi wannan. Bai gama jin daɗin ba aka yi sallama. Moussa ne, ya shigo ba wasa a fuskarsa, ya zauna a bakin tabarma ba a ce ya zauna ba.

"Malam Ubale," ya ce. Rabon da ya kira shi haka har an manta. "An ba Rahmatu gurbi a jami'ar Franceville, fannin kimiyya. Ƙarshen watan nan za ta tafi. A ɗakin kwanan ɗalibai za ta zauna, ita da wasu 'yan mata, ko wurin ajiye akwati da ƙyar. Wannan ba za ta shiga can ba. Kuma wadda za ta riƙa ɗauka zuwa aji take bukata."

Franceville! Can ƙarshen layin dogo. Ubale ya dubi fitilun suna ta juyawa abinsu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na fara ce maka akwai magana. Ita ta roƙe ni in zo in nemi izininka. Ta ce ba za ta iya tsayawa gabanka ta faɗa ba."

Ya juya wurin Ƙulu, wadda ke tsaye a bakin labule. Ta ce, "An ce mini maganar maza ce, Moussa zai kawo maka. Ni ina na san kana can kana sayen injin niƙa?"

"Kada ka damu," in ji Moussa. "Zeinabou ta ce ta tafi da tata."

"'Yata ba ta tafiya da kayan aro!"

Kalmar ta fito kafin ya kama ta. Ƙulu ta zaro ido, don ba ta taɓa jin ya ce 'yata ba. Moussa kuwa ya ce a hankali, "Ba aro ba ne. Ni ma ɗiyata ce. Kai ka ba ni ita."

Da ashar Moussa ya yi masa, da ya fi sauƙi. Washegari Ubale ya koma gidan saurayin, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, an ce jirgi ya tafi da shi. Ya zaga masu gyaran kaya, kowa ya ji girmanta sai ya yi masa tayin wulaƙanci. Abin da ya rage a hannunsa kuwa na tafiyar yarinya ne, ba na wata kwamfutar ba. Izini kam ya bayar, ta bakin Ƙulu. Me zai hana? Ai shi ba mai ƙin karatu ba ne.

Rahmatu ce ta samar wa akwatin aiki. Ana gobe za ta tafi ta zauna a kujerar nan, karo na farko kuma na ƙarshe, ta maƙala 'yar kyamarar a saman allo, ta soka wani ɗan abu na kamfanin waya a gefe. Ta yi wa uwarta bayani da murya sama-sama, yadda na lungun kabad zai ji. "Inna, duk Lahadi bayan la'asar zan kira. In ta yi ƙara, nan za a danna, sai ku gan ni in gan ku. Wannan allon ya fi na kowa kyau a unguwar nan." Ubale ya ci gaba da jan carbi kamar ba ya wurin, amma kalmar nan ta ƙarshe ya adana ta. Ƙulu ta ce ita tsoron abin take, kada ya ja ta. Aka kira Moussa ya koya.

Ranar tafiya Moussa ne ya kai ta tashar jirgin ƙasa ta Owendo a bas ɗinsa, da Aïchatou da Zeinabou da Ƙulu. Uba ba ya rakiyar 'yar fari. Ubale ya tafi rumfa da sassafe, ya wuni yana jinjina takalman da ba wanda ya taya.

Lahadi ta zo. Tun azahar ya goge allon da gefen rigarsa. Bayan la'asar abin ya kama ƙara, Ƙulu ta ƙwala wa Moussa kira, ya shigo da gudu ya faɗa kujerar mai taushi ya danna. Sai ga fuskar Rahmatu ta cika allon, har ɗan tabon da ke goshinta ana gani. Ubale ya maƙale a gefen kabad inda kyamara ba ta kaiwa. Kujerarsa, falonsa, kwamfutarsa, wutarsa ake ƙonawa, amma Moussa ne a zaune yana ta zuba. Aka yi labarin jirgi, aka yi na abincin makaranta, dariyar nan ta tashi. Yau dai a ɗakinsa ake yin ta.

"Babanki na nan, yana jin ki," in ji Moussa.

"Na sani. Ina ganin hularsa a madubin kabad."

Ubale ya yi wuf ya dafe hular. Ya yi gyaran murya ya ce wa Moussa, "Ka tambaye ta ko ɗakin nasu da sauro."

Moussa ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. Ya miƙe. "Bakano, na gaji da aike. Ga ka, ga ta." Ya kama hanya ya fita, Ƙulu ma ta sulale ta bi bayansa.

Ubale ya daɗe a tsaye kafin ya zauna. Kujerar da ɗumin Moussa a jikinta. Ya ɗago ido ya dubi 'yarsa sosai, abin da bai taɓa yi ba tun tana zanen goyo. Ashe hancin uwarsa ne da ita. Ita kuma ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi.

"Kina lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Karatu fa?"

"Alhamdu lillahi."

"To, madalla."

Shi ke nan. Ya laluba cikinsa kaf, ya tarar da magana cike fal, amma ba wadda ta san hanyar fita. Sunan ya zo masa har kan harshe ya tsaya. Fankar akwatin na ta huci. Rahmatu ta ɗago, ta saci kallon gefen allo, ta sake sunkuyawa. Can ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Baba... Baba Moussa ya tafi ne?"

Ubale ya dube ta. Ba raini a fuskarta, ba komai, yarinya ce kawai a garin da ba ta san kowa ba, tana neman wanda ta saba yi wa magana.

"Yana nan," ya ce. "Bari in kira miki shi."

Ya tashi ya zura takalmansa, ya fita tsakar gida, ya tsaya a ƙofar da ya daɗe bai taka ba. Ya yi sallama.

"Badamagare," ya ce, "fito. Ɗiyarka na kira."